Wuta Cikin Bango: Ƙa'idodin Jan Wayar Lantarki

In ka shiga Kurfi ko Dutsin-Ma yau, za ka ga falwayoyi a bakin titi, wayoyi sun ratsa unguwa-unguwa, sun shiga gidaje da shaguna. Tun da aka kafa Jami'ar Tarayya a Dutsin-Ma cikin 2011, gine-gine suka ƙaru, gidajen haya da ɗakunan ɗalibai suka yawaita, ko wanne kuwa sai an ja masa waya. Saboda haka mai jan waya, wanda mutanen gari ke kira mai wayarin, ya zama mutumin da a ke nema.

To, sana'ar nan ta bambanta da sauran sana'o'i da abu guda. Magini in ya yi ha'inci, bango ya karkace, kowa ya gani. Tela in ya ɓata riga, mai riga ya sa ya ji ta matse shi. Amma aikin mai jan waya cikin bango ya ke shiga, a shafe shi da siminti, ko kuwa a rufe shi cikin silin. Mai gida ba ya ganinsa. Ya danna makunni, fitila ta kama, ya biya kuɗi yana murna. Ko aikin kirki ne ko na banza, duk fitila za ta kama a ranar. Bambancinsu ba ya fita sai bayan shekara biyu ko biyar, watakila cikin tsakar dare mutane na barci. Don haka aka kafa wa wannan aiki doka. In kai mai koyon sana'ar ne, ko mai gida ne da za ka sa a yi maka, karanta ka ji dalilin ko wace ƙa'ida, gama wanda ya san dalilin doka ya fi riƙe ta.

Yadda wutar ta ke tafiya

Ka san ruwan famfo. Akwai ƙarfin da ke tura shi cikin bututu, akwai kuma yawan ruwan da ke wucewa. Wutar lantarki ma haka ta ke. Ƙarfin da ke tura ta da bolt a ke auna shi. Yawan wadda ke gudana cikin waya da amfiya a ke aunawa. Aikin da ta ke yi kuwa, ko haske ko zafi ko juya inji, da wat a ke aunawa.

Daga manyan tashoshi, irin ta Kainji da aka gama cikin 1968, wutar tana tasowa da ƙarfin bolt 330,000. A kan rage ta mataki-mataki, zuwa 132,000, da 33,000, da 11,000, har ta iso taransifomar unguwa, wadda ke saukar da ita zuwa bolt 230 don amfanin gida.

Ga ɗan lissafi wanda ya wajaba ko wane mai jan waya ya haddace. In ka raba wat da bolt, abin da ya fito shi ne amfiya. Dutsen guga mai wat 1,000 yana jan amfiya 4 da 'yan kai. Hita mai wat 3,000 tana jan amfiya 13. Ƙwan fitila na zamani mai wat 10 kuwa, sai ka jera 300 kāna su ja abin da hita ɗaya ta ke ja. Ka ga ke nan wayar da ta ishi fitila ba ta isar hita.

Sa'an nan ka sani wutar ba ta aiki sai ta je ta komo. Ta waya ɗaya ta ke shiga, ta ɗaya ta fita. In ta sami wata hanyar komawa, za ta bi, ko da hanyar nan jikin mutum ce. Hatsarinta iri biyu ne, watau zafi mai ta da gobara, da kuma jan da ke tsai da zuciya. Duk ƙa'idodin da za ka karanta a nan, ko dai maganin na fari ne, ko na biyu.

Inda dokar ta samo asali

A Ingila aka fara rubuta ƙa'idodin da mu ke bin sawunsu. Cikin 1882 wata ƙungiyar injiniyoyi a birnin Landan ta buga 'yan shafuka kan yadda za a tsare gidaje daga gobarar fitilar lantarki. Tun daga nan a ke gyara su ana ƙari, har aka yi bugu na 18 cikin 2018. Ba don son wahalad da ma'aikaci littafin ya yi kauri ba. Abin da aka gani na gobara da asarar rayuka shi ya sa a ke ƙara ƙa'ida bisa ƙa'ida.

A ƙasarmu, a Legas aka fara kunna wutar lantarki cikin 1896. Hukumar NEPA, wadda har yanzu sunanta bai bar bakin mutane ba, an kafa ta cikin 1972. Cikin 2005 aka yi dokar da ta kawo hukumar NERC mai tsara harkar wuta, cikin 2013 kuma aka miƙa rarraba wuta ga kamfanoni. KEDCO shi ke da Kano da Katsina da Jigawa, watau shi ke kawo wuta ƙasar Yandaka da ta Maradin Katsina. Cikin 2015 NERC ta fitar da ƙa'idodin jan waya da kafa kayan wuta na Nijeriya. Cikin wannan shekara kuma aka yi dokar hukumar NEMSA, wadda aikinta shi ne duba aikin wuta, da gwada shi, da ba masu jan waya takardar shaidar ƙwarewa. Dokar Wutar Lantarki ta 2023 ta maye gurbin ta 2005, ta kuwa bar wa NEMSA wannan aiki.

Kaurin waya

Ko wace waya tana ɗumi in wuta na bin ta. Siririya ta fi yin zafi, kamar yadda ƙaramar ƙofa ta fi cunkoso ran kasuwa. Abin tsoro kuwa shi ne, in wutar da ke bin waya ta ninka sau biyu, zafin sau huɗu ya ke ninkawa. In ya yi yawa sai robar da ke lulluɓe da wayar ta yi laushi, ta bushe, ta farfashe, wayoyi biyu su haɗu, tartsatsi ya tashi.

Saboda haka ko wane aiki da wayarsa. Layin fitilu da fanka, waya mai lamba 1.5 a ke sa masa. Layin soket, mai lamba 2.5. Murhun lantarki da tukunyar ɗumama ruwan wanka da na'urar sanyaya ɗaki, ko wanne a ja masa layinsa shi kaɗai tun daga akwatin rarraba wuta, da waya mai lamba 4 ko 6, gwargwadon abin da lissafi ya nuna. Lambar nan faɗin bakin jan ƙarfen da ke ciki ta ke nunawa, ba kaurin roba ba.

Ka tuna kuma da irin ƙasar da mu ke. Cikin bazara, tsakanin kwano da silin ya kan zama kamar tanderu. Wayar da ke kwance a wurin ba ta iya fid da zafinta, don haka ba ta ɗaukar abin da za ta ɗauka a wuri mai sanyi. Haka nan in an cusa wayoyi da yawa cikin bututu guda. In nisa ya yi yawa kuma, kamar daga gida zuwa injin rijiyar burtsatse a bayan gari, wutar ta kan raunana a hanya. A duk waɗannan wurare sai a ƙara kaurin waya.

Sa'an nan ga jabun waya a kasuwa. Wata an rubuta mata 2.5 alhali ba ta kai ba. Wata kuwa alminiyam ce ko baƙin ƙarfe aka shafe da launin jan ƙarfe. Kankare bakinta da wuƙa, in ka ga fari a ciki, ajiye ta. In maganaɗisu ya kama ta, ba jan ƙarfe ba ce. Nemi wadda ke da sunan kamfanin da ya yi ta da tambarin hukumar SON mai kula da ingancin kaya. Za ta fi tsada, amma araha ba ta ado.

Fis da bireka

Fis 'yar siririyar waya ce da aka sa da gangan don ta zama ita ce mafi rauni a layi. In wuta ta wuce kima sai ta narke, layi ya yanke, wayar bango ta tsira. Bireka ma aikinta ke nan, sai dai ita faɗuwa ta ke yi, a ɗaga ta bayan an gyara abin da ya ɓaci.

Ka lura da wannan da kyau: wayar bango a ke tsarewa, don haka da kaurin waya a ke zaɓen bireka. Layin fitilu a ba shi mai amfiya 6 ko 10. Layin soket na waya 2.5 da ya miƙe daga akwati zuwa soket na ƙarshe a ba shi mai amfiya 16 ko 20. In ka sa bireka mai amfiya 32 a kan waya 1.5, wayar za ta ƙone ƙurmus bireka na tsaye tana kallo.

Sau da yawa fis ya kan tsinke, mai shago ya gaji, ya sa ƙusa ko ya naɗa waya mai kauri a gurbinsa. Wannan daidai ya ke da mutumin da karensa ya dame shi da haushi cikin dare, ya ɗaure masa baki ya koma barci, ɓarawo kuwa na cikin gida. Fis ba ya tsinkewa banza. Ko kaya sun yi wa layi yawa, ko wayoyi sun haɗu a wani wuri. Nemo dalilin. Duk wanda ya ga abin da gobara ta yi wa Babbar Kasuwar Katsina cikin watan Maris 2021 ya san wuta in ta tashi a rumfa ɗaya ba ta tambayar ta wane ce ta kusa.

Har wa yau, fis da bireka da makunni duk a kan waya mai wuta a ke sa su, ba a kan wayar komawa ba. In an juya su, fitila za ta mutu in an kashe makunni, amma wuta na nan cikin mazaunin ƙwai tana jiran yatsan wanda ya zo canja shi.

Waya ta uku

Dubi filogi mai ƙafa uku. Ƙafar sama ta fi sauran tsawo da kauri, ita ce ta wayar ƙasa. Waɗansu su kan bar ta, su ce ai ko ba ita firji na aiki. Gaskiya ne yana aiki. Wayar ƙasa ba ta yin komi sai ran da abu ya ɓaci.

Ga yadda ta ke. A ce roba ta goge cikin firji, waya mai wuta ta taɓa jikin ƙarfensa. In akwai wayar ƙasa, wutar sai ta bi ta, na'urar tsaro ta yanke layi. In babu, jikin firjin ya ɗauki bolt 230 ya yi shiru, har yarinya ta zo ɗaukar ruwan sanyi, ƙafarta ba takalmi, daɓe kuma da danshi. Ita ce za ta zama wayar ƙasa.

Wayar ƙasa sai ta bi ko wane soket da ko wane abu mai jikin ƙarfe, ta komo akwatin rarraba wuta, daga nan ta tafi ga sandar jan ƙarfe da aka kafa cikin ƙasa. A nan mai aiki a Dutsin-Ma da kewayenta ya kamata ya yi hattara. Garin daga dutse ya sami sunansa, dutse da busasshiyar ƙasa kuwa ba su karɓar wuta da sauƙi. Sandar da ta yi kyau cikin Agusta, ƙasa na jiƙe, tana iya zama ba ta da amfani cikin Maris. Saboda haka a nemi wuri mai danshi, a zurfafa, in ɗaya ba ta isa ba a kafa biyu ko uku nesa da juna a haɗa su, a kuma auna da na'ura cikin rani. Gishiri da gawayi da a kan zuba a ramin suna taimako na ɗan lokaci, amma ruwan damina na wanke gishirin, shi kuma yana cin ƙarfe. Kada a dogara gare shi a ƙi aunawa.

Bireka ta yau da kullum ba ta ceton ran mutum, gama abin da ke kashe mutum ƙanƙane ne ƙwarai. Raba amfiya ɗaya kashi 1,000. Kashi 10 zuwa 15 sun isa su ƙanƙame hannu ya kasa saki. Kashi 50 suna iya rikita bugun zuciya. Bireka mai amfiya 20 ba za ta ko san an yi ba. Don haka aka ƙera wata na'ura da a ke kira RCD. Ita tana gwama wutar da ta fita da wadda ta komo. In ta ga kashi 30 sun ɓace a hanya, ta san sun bi wani wuri, sai ta yanke wuta kamar ƙiftawar ido. A sa ta a layukan soket da na banɗaki da na tsakar gida. Tana da maɓallin gwaji a jikinta, a riƙa danna shi aƙalla sau biyu a shekara.

Haɗi da bututu da launi

Sai bango ya tsage ƙadangare ke shiga. Yawancin ɓarnar waya daga wurin haɗi ta ke somawa. In an murɗa waya biyu da hannu aka naɗe da salatif, a hankali haɗin ya saki, ya yi tsatsa, ya soma zafi, salatif ya narke. Ƙa'ida ita ce, ko wane haɗi a yi shi cikin akwati mai murfi, a ɗaure da sukuru, a wurin da za a iya buɗewa a duba. Kada a binne haɗi cikin siminti.

Waya ta bi cikin bututu, don ɓera da gara da ƙusa. Cikin bango ta miƙe sak, ko sama ko gefe daga makunni da soket, kada ta yi gicciye, don wanda zai kafa ƙusa ya rataye agogo ya san inda zai kauce. A gidan ƙasa mai rufin azara ko na ciyawa, a bi da bututu a fili bisa bango, kada waya ta taɓa ciyawa ko zana.

Launi ma magana ce tsakaninka da wanda zai zo gyara bayanka. A tsohon tsari, ja ita ce mai wuta, baƙa ta komawa, kore ta ƙasa. A sabon tsari, ruwan ƙasa mai wuta, shuɗiya ta komawa, kore da ɗorawa ta ƙasa. Duka biyu za ka same su a gidajenmu. Kada ka ɗora wuta a kan koriyar waya don ita ta rage a buhu.

Kada a sa soket inda ruwan wanka ke fantsama. Hitar nan da a ke tsomawa cikin bokiti lokacin hunturu kuwa, a gargaɗi mutanen gida kada kowa ya sa hannu ya ji ɗumin ruwa sai an zare ta daga soket.

Janareto da sola

Da ya ke wuta ba ta zama kullum, gidaje da yawa sun ajiye janareto ko sola. Tilas a sa makunnin sauya layi, wanda ke raba gida da layin kamfani kafin ya haɗa shi da janareto. In an soka janareto cikin soket kai tsaye, wutarsa ta kan fita ta bi layi ta koma taransifoma. Taransifoma kuwa yadda ta ke rage wuta in ta zo ta gaba, haka ta ke ƙara ta in ta zo ta baya. Ma'aikacin da ya hau falwaya a wata unguwa, yana zaton layi a mace ya ke, sai ajalinsa ya fito daga gidanka. Janareto kuma a waje a ke ajiye shi, nesa da taga, gama hayaƙinsa na kisa cikin barci. Wayoyin batirin sola su kasance masu kauri, da fis kusa da batirin.

Haɗa waya ta bayan mita laifi ne a doka. Ban da wannan, wayar sata ba ta bi ta fis ba, in ta yi zafi ba abin da zai yanke ta.

Ka tsare ranka

Yanzu ga abin da ya shafe ka kai kanka, ya mai sana'a. Kada ka taɓa cewa, "Ai an ɗauke wuta, bari in yi maza in gama." Wanda ya ɗauke bai yi maka alkawarin lokacin da zai kawo ba. Kashe babban makunni, zare fis ka sa cikin aljihunka, ko ka kulle akwatin, ka gaya wa mutanen gida. Sa'an nan gwada testa a wurin da ka san akwai wuta, ka gwada layin da za ka taɓa, ka sāke gwada testar don ka tabbata ba ita ta mutu ba. Sa takalmin roba, hannunka a bushe, filaya da sukudireba masu rufaffen mariƙi. Yaron da ka ke koya wa aiki, fara koya masa wannan kafin ka koya masa fere waya.

In wuta ta kama mutum, kada ka cafke shi, sai ku zama biyu. Kashe makunni. In ya yi nisa, ture shi da busasshen itace kana tsaye a busasshen wuri. In ba ya numfashi, a danna ƙirjinsa da ƙarfi a kai a kai, a nemi taimakon asibiti nan da nan. Ko ya farfaɗo ya ce lafiya lau, a kai shi likita ya duba zuciyarsa. In babbar wayar falwaya ce ta faɗo, kada kowa ya matso ko da sanda, a kori yara da dabbobi, a sanar da kamfani. Gobarar lantarki kuma ba a watsa mata ruwa sai an yanke wuta. A yi amfani da yashi, ko tukunyar kashe gobara mai hoda.

Gwaji da takarda

Kama fitila ba shi ne gwaji ba. In an gama aiki, kafin a saki wuta, a kan auna abu huɗu: ko wayar ƙasa ta isa ko wane soket ba ta yanke ba, ko roba ba ta yoyon wuta, ko makunnai na kan waya mai wuta, da kuma yadda sandar ƙasa ke karɓa. Bayan an saki wuta a gwada RCD. A rubuta abin da aka samu, a liƙa sunan ko wane layi a jikin akwati. Doka ta ce mai takardar shaida shi zai yi aikin, a kuma duba shi kafin a haɗa gida da layi.

Kai mai gida, tambayi takardar mai aiki kafin ka tambayi farashinsa. Tsaya ka ga wayar da aka saya kafin a shafe bango, gama ba a fafe gora ranar tafiya. Kai kuma mai jan waya, in mai gida ya ce ka rage kaurin waya ko ka bar wayar ƙasa don kuɗi su isa, faɗa masa dalili da hankali. In ya ƙi, gara ka tattara kayanka ka bar aikin. Mutanen da za su kwana cikin ɗakin nan, da 'yan hayar da za su zo bayansu, ba su san sunanka ba, amma rayukansu ka riƙe amana. Yi aikin da za ka yarda 'ya'yanka su kwana a ƙarƙashinsa. Rigakafi ya fi magani.